Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa Ba

Allah da ya ba mu aron Kaka ya karɓi abarsa, wata Talata bayan azahar, a ɗakinta da ke hawa na biyu a gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka. Aka sallace ta a Harami, maza suka wuce da ita maƙabarta, mu mata muka zauna jiran masu gaisuwa.

Kwana ukun zaman makoki ni ce mai zagayawa da gahawa. Ba kirki ne ya sa ni ba, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Saboda haka na ji abin da kowacce ta faɗa. Tsofaffin da suka sayar da hatsin tattabaru tare da ita a bakin Harami suka zo a jere da sandunansu, suka zauna a ƙasa duk da kujerun da aka ɗauko haya. Wata ta ce rabin 'ya'yan layinmu Kaka ce ta yi musu wankan jarirai, har da mutumin da yanzu yake wuce mu a mota ba ya ɗaga hannu. Wata daga unguwar Shisha ta sauko daga tasi tana kuka tun daga bakin titi, alhali kowa ya san ta daɗe ba ta magana da Kaka a kan wata tukunya da ta ara ta dawo da ita ba murfi. Samarin gidan kuwa suna waje a kan kujeru suna karɓar gaisuwa da Larabci, don rabinsu ba su san amsar “ya haƙuri” ba.

Abu ɗaya dai bakin matan ya zo ɗaya a kai: wai mace ce mai kunya. Duk wadda ta aje finjali sai ta ce, “Allah ya ji ƙanta, baiwar Allah mai kunya.” Saura kaɗan butar ta suɓuce daga hannuna. Matar da ta taɓa bin direban tasi da tsintsiya har kwanar masallaci don ya taka mata faranti. Matar da take gaya wa amarya a gaban mutane cewa miyarta ba gishiri. Amma gaskiya suka faɗa, kuma ni na fi su sanin hakan, don da kunyar nan na yi kokawa kusan shekara biyu.

A Makka ba a rubuta suna a kan kabari. Shi ya sa nake wannan rubutu. Larabci ya fi mini sauri, amma da Hausa zan yi, don da na yi da Larabci za ta ce na yi gulmarta a bayan idonta.

An haife ta a Sudan, a wani ƙauyen masu tafiya hajji da ƙafa, inda iyayenta suka tsaya noman auduga suna neman guzuri har tsayuwar ta zama zama. Can kakanmu namiji ya same ta. Kowa Soja yake ce masa. Ya yi wa Ingila aikin soja, an kai su Bama a jirgin ruwa, ya dawo gida bai iya zama ba, ya kamo hanyar gabas. Suka yi aure, suka tsallako teku, ya rasu a nan Makka tun Baba bai yi wayo ba. Abu biyu ya bari. Akwai wani gwangwanin cin abinci na soja, wanda da shi take auna hatsin tattabaru har ta bar sana'ar. Akwai kuma lambar yabo mai siffar tauraro, ba ƙyalle, ba suna, ba komai a bayanta. Ita ma lambar shi ya yar da ita a bola, Kaka ta bi bayansa ta tsince.

Ba ta kiran Baba da sunansa, don ɗan fari ne. “Mai bas” take ce masa, saboda ya yi shekaru yana jigilar alhazai tsakanin Mina da Arfa. Mu da muka tashi a nan mun ɗauka wani hali ne nata kawai, kamar yadda ba ta shan shayi sai ya huce, kamar yadda take kwana da takalmanta a ƙarƙashin matashi tun lokacin da aka sace mata wasu a hanya tana yarinya. Ni kuwa “Uwar gaggawa” take ce mini. In na faɗi magana gatsal sai ta ce baki ba ƙofar masallaci ba ne da za a bar shi a buɗe dare da rana. Ni kuma in ce nata bakin ai ba shi da ƙyaure ma. Haka muke.

Maganar takardun soja ta taso ne bayan Baba ya aje tuƙi, ciwon suga ya zaunar da shi. Mutum ne da bai saba zama ba, sai ya koma kallon waya. Wata rana ya ga wasu tsofaffin sojoji na ƙasar Hausa ana hira da su a kan yaƙin Bama, ya kalla ya sake kalla, sannan ya kira ni. Ya ce tunda ni ce mai Turancin sakandare, in bincika masa ko Turawan nan sun aje wani abu a kan ubansa. Ba kuɗi yake nema ba. So yake ya san a wace runduna yake, me ya yi, ina aka kai shi, me ya hana shi zama da ya dawo. Ya ce ko tsayinsa ne suka rubuta yana so ya sani, don ko hoto babu.

Na bincika. Ashe akwai ofishin da ke aje tsofaffin takardun soja a Ingila, kuma ɗa yana da ikon tambaya a kan ubansa. Na cika abin da suka nema da sunan da ke kan takardunmu na nan, wanda shi ne aka sa wa Yayana, babban ɗan Baba. Muka jira har na gaji da duba waya. Amsa ta zo: babu mai wannan suna. Na juya rubutun sunan ta kowace fuska da Bature zai iya rubuta shi, na sake turawa. Babu. Suka ƙara da cewa takardun sojojin Afirka da yawa sun salwanta, wasu kuma ba a taɓa kawo su Ingila ba. Baba ya ce halas, wato shi ke nan, a bari. Ni ba na iya barin abu.

Wadda ta gano inda muka yi kuskure ba 'yar gidanmu ba ce. Matar wani ustazu ce ɗan Kano da ke karatu a nan, suna haya a ƙasan gidanmu. Ta hau sama da jaririnta don Kaka ta gasa masa cibiya, ni ina wanke-wanke. Sai ga Kaka ta leƙa matakala ta ƙwala wa Yaya kira da sunansa, kamar yadda take yi kullum da safe in ya yi jinkirin kawo burodin tamis. Matar ta biyo ni kicin ta rage murya.

“Ba kin ce sunan kakanku aka sa masa ba?”

Na ce shi ne.

“Kuma Hajiya take kiransa haka ɓaro-ɓaro?”

Na ce to da yaya za ta kira shi. Ta dube ni kamar wadda ta ga mutum yana cin tuwo da hagu. Ta ce a gida mace irin Kaka gara ta ciji harshenta da ta kama sunan mijinta, yana raye ko ya mutu, kuma jikan da ya ci sunan sai dai ta ce masa Maigida ko wani abu makamancin haka. “Ko dai Hajiya ba ta da kunya, ko sunan ba nasa ba ne,” in ji ta. “Kuma matar da ba ta kiran ɗan farinta tana da kunya.”

Da kumfa a hannuna na shiga ɗakin Kaka. Ban yi sallama ba. Na tambaye ta ko sunan Yaya sunan Soja ne. Ta gama naɗe jaririn tsaf, ta miƙa wa uwarsa, ta jira ta sauka, sannan ta ce, “Sai yau kuka lura? Tun yaron nan yana rarrafe nake kiransa a kunnenku.”

A ranar ta ba mu labarin, Baba yana zaune a bakin ƙofa. A Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan, ba a shiga jirgi sai da takarda. Soja ba shi da ita, don littafinsa na soja tun a hanya ya ƙone shi, ya ce ba zai tsaya gaban Ɗakin Allah da takardar Nasara a aljihu ba. Akwai wani abokin tafiyarsu, gwauro, da zazzaɓi ya kashe ana saura kwanaki a tashi. Madugu ya ɗauki takardar mamacin ya danƙa wa Soja. Da sunan ya sauka Jidda, da shi aka rubuta shi, da shi aka rubuta Baba. A lokacin ba su kaɗai suka yi haka ba, kuma duk masu hannu a ciki sun riga mu gidan gaskiya.

Baba ya ce tun yana saurayi yake yi wa sunan nan addu'a bayan kowace salla, da shi yake ɗaukar umara, da shi yake yanka. Kaka ta ce, “To ya ɓata? Mutumin nan shi ya tsallako da mu teku, ba shi da ɗa ba shi da jika. Ni ina yi wa nawa, kai kana yi wa wancan. Kowa ya samu.”

Wannan ita ce Kaka. Shekara da shekaru tana raba ladan ɗanta da wani baƙo da ƙasusuwansa suke Sawakin, ba ta gaya wa kowa ba, ba ta kuma ga abin magana a ciki ba.

Ni dai murna na yi, don na ga aiki ya zo ƙarshe. Na riga na karanta cewa Turawa suna rubuta sojan Hausa da sunansa na yanka haɗe da sunan garinsu. Garin ta faɗa mini ba gardama, har da unguwar da kuma sana'ar uwarsa. Na ɗauko biro na ce saura sunan.

Ta ce ba ta faɗa.

Na ɗauka wasa take. Na ce to ta rubuta, ai ta yi allo, ta san baƙaƙe. Ta ce hannu ma baki ne. Na ce ta raɗa wa Gwaggo, ƙanwar Baba, ni in fita. Ta ce raɗa da ihu duk daga harshe ɗaya suke fitowa. Na ce ta faɗi harafin farko kawai. Ta ce in ta ba ni kan akuya ai na san akuya ce. Raina ya ɓaci, na ce mutumin nan ya mutu tun ba a haifi uwata ba, babu surukai, babu dangi, babu wanda ya san shi a faɗin Makka, wa take jin kunya?

Ta ce, “Shi.”

Mako guda ba ta yi mini magana ba. Amma kullum in na dawo sai in tarar da ƙanzon shinkafa a rufe a kan taga, don ta san ni kaɗai ce mai cinsa a gidan. Har yau ina ganin tambayata tana kan hanya. Ita ma har ta rasu tana ganin amsarta tana kan hanya. Gwaggo ta ce mu biyun tukunya ɗaya aka dafa mu, shi ya sa muke ƙauri iri ɗaya.

Na gwada tura sunan garin shi kaɗai. Suka amsa da ladabi cewa mazan da aka ɗauka daga garin nan suna da yawa, ba za su iya zaɓar mini kaka ba.

Sai na yi dabara. Duk shekara Kaka takan je Tan'im ta ɗauko harami ta yi wa Soja umara, ita kaɗai, ba ta son rakiya. A shekarar ƙafafunta suka ƙi, ko banɗaki sai an riƙe ta. Na shiga da murya mai daɗi, wadda ba tawa ba, na ce ni zan yi masa a madadinta, sai dai ai dole a ambaci sunan mutum wajen niyya. Ta dube ni ta dube ni. Ta ce a kira mata ustazun ƙasa. Ya hau ya tsaya a bayan labule, aka gaya masa matsalar. Bawan Allah, ko tunani bai tsaya yi ba. Ya ce niyya a zuciya take, in na ce “ga kakana” ya wadatar, Allah ba ya ɓatan kai. Da butar shayi tana kusa da ni da na jefe shi da ita ta cikin labulen. Kaka tana dariya har da tari, tana cewa Allah ya ƙara wa Malam ilimi.

Na yi umarar. Da “kakana” na yi ta, ina huci tun daga Safa har Marwa.

Baba bai taɓa tambayarta da bakinsa ba. Shi ma ɗan fari ne, akwai abin da ba zai iya ba. Amma ya canja. Ya daina kallon tsofaffin sojojin, ya daina tambayata ko an amsa. Bayan salla sai ya ɗaga hannu ya daɗe bai ce komai ba. Wata rana Yaya yana kai shi asibiti a Shisha, ina baya riƙe da jakar magungunansa, muna cikin dogon ramin dutsen da motoci ke ratsawa, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai ya ji abin da ustazu ya faɗa. Bai juyo ba. Ya ce, “Na san Allah ya san shi, ya binti. Ni ne ban san shi ba.”

Da muka dawo ban ko cire abaya ba na shiga na maimaita wa Kaka maganar, kalma da kalma, ban sa mata gishiri ba, ban rage ba. Ta juya fuskarta bango. Gwaggo ta ja ni waje ta ce wata rana bakina zai kashe mutum.

Kwanaki suka wuce. Ta rage ci, ta rage faɗa, har amaryar maƙwabta ta kawo miya ba ta ce komai a kan gishirin ba. Wata la'asar ina shafa mata man zaitun a ƙafa, Baba yana zaune a kujerar bakin ƙofa, sai ta ce mai bas ya fita ya sha iska. Ya fita. Ta ce in rufe ƙofa.

“Uwar gaggawa,” ta ce, “kin san sunayen maza na gida?”

Na ce na san wasu.

“To kira. A hankali. In kin kira zan maimaita.”

Sai na gane. Na ce Audu. Ta ce Audu. Na ce Garba, ta ce Garba. Musa, Musa. Sale, Sale. Na yi saurin da na saba, ta buge mini hannu ta ce ba tseren raƙuma ake ba. Don ruɗewa na kira sunan Baba, ta yi tsaki ta ce wannan na san shi, in wuce. Sunayen suka ƙare mini. Na koma na annabawa, na koma na sahabbai, na shiga na masu gyaran takalmi da masu tsire na layinmu, tana maimaitawa ɗaya bayan ɗaya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ina tsoron kada ya zama irin sunan ƙauyen nan da ban taɓa ji ba, kada numfashinta ya ƙare kafin nawa sunayen.

Sai na kira wani suna. Ba baƙo ba ne, akwai masu shi biyu a layinmu, kuma sai a lokacin na tuna cewa ɗaya “mai kanti” take ce masa, ɗayan “ɗan gidan kwana”.

Ba ta maimaita ba.

Na sake kira. Ta kai hannu ta jawo gefen mayafinta ta rufe fuskarta har haɓa. Tsohuwa mai jikoki da tattaɓa-kunne, ba haƙori ko ɗaya a bakinta, ta sunkuyar da kai ƙarƙashin mayafi kamar ranar aka kawo ta. Na ga kafaɗarta tana motsi, ban san dariya take ko kuka ba, kuma a karon farko a rayuwata ban tambaya ba.

Na fito na sami Baba a zaune a kan matakala, bai je ko'ina ba. Na gaya masa. Ya faɗi sunan sau ɗaya, a hankali, kamar mai ɗanɗana abu mai zafi. Ya sake faɗa ya haɗa da sunan garin. Sai ga muryarta daga cikin ɗaki, da sauran ƙarfin da ya rage mata:

“Ku matsa can. Ina jin ku.”

Ba ta cika wata biyu ba bayan haka. Na tura sunan Ingila tun a daren, kuma har yau da nake rubutun nan amsa ba ta zo ba. Wataƙila su samu takardar, wataƙila gara ta cinye ta tun kafin a haife ni. Ni ce nake duba waya safe da yamma ina zagin jinkirinsu. Baba ko tambaya ba ya yi. In ya idar da salla ina jin sa ta bango, yana kiran ubansa da sunansa.

Ita kuwa ta tafi ba ta faɗa ba, ko sau ɗaya. Allah ya ji ƙanki, Kaka, ya yalwata miki makwanci, ya sada ki da shi a inda ba sai kin kira ba zai juyo.